Hakin mai jego ba gajiya ba ce: Abin da ƙananan RNA suka tona game da zuciyar mata a gabashin Sakkwato

A ƙauyukan Rabah, Wurno da Goronyo, idan mace ta sauka lafiya aka yi suna, akan ɗauka an tsallake rijiya da baya. Hankalin kowa sai ya koma kan jariri: ko cibiya ta faɗi, ko yana kama nono, ko an kai shi rigakafi. Ita kuwa uwar, in ta fara haki daga ɗan zuwa bakin rijiya, ko ƙafafunta suka kumbura, sai a ce ai jego ne, ko sanyi ne ya shige ta. A ƙara wa ruwan wanka zafi, a ƙara kanwa a kunu.

Sau da yawa ba sanyi ba ne. Zuciya ce ta fara gazawa.

Wannan ciwo yana kama mace a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, ko da ba ta taɓa ciwon zuciya ba. Naman zuciyar ne ke saki, ya kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Idan aka ɗauki hoton zuciyar, akan tarar tana fitar da ƙasa da kashi 45 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, alhali lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabi.

Binciken da aka yi a ƙasashen waje cikin shekara 20 da suka wuce ya nuna cewa ɓarnar tana farawa ne daga ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da zuciya. Wannan sani ya isa ya sauya yadda ake kallon mai jego a ƙasar Sakkwato, tun kafin wani sabon magani ya iso.

Alƙaluman da ba su da daɗin ji

A Japan, ciwon yana kama kimanin mace ɗaya cikin haihuwa 20,000. A Amurka ana ƙiyasta ɗaya cikin 1,000 zuwa 4,000. A Afirka ta Kudu kimanin ɗaya cikin 1,000, a Haiti ɗaya cikin 300.

A Sakkwato kuwa, wani bincike da Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aka wallafa a 2007, ya sami mace ɗaya cikin haihuwa 102. Wannan yana cikin mafi yawan da aka taɓa rubutawa a duniya.

Ba a Sakkwato kaɗai ba. Rajistar PEACE, wadda Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci 22 na Najeriya, ta fitar da sakamako a 2020. A Arewa maso Yamma, ciwon ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Cikin matan da aka ci gaba da bibiya, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu a cikin kimanin shekara ɗaya da rabi, kuma waɗanda zuciyarsu ta warware sarai ba su kai ɗaya cikin huɗu ba.

Waɗannan alƙaluma na matan da suka kai asibiti ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato, haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Mace daga Maikujera, a ƙaramar hukumar Rabah, kafin ta shiga wannan lissafi sai an yarda cewa ciwo ne, sai an sami kuɗin mota, sai hanya ta yi lafiya a yankin da 'yan bindiga suka addaba, sai kuma ta isa inda ake hoton zuciya. Wadda ta rasu a ɗaki kwana 30 bayan suna, ba ta cikin littafin kowa.

Daga fangali zuwa zuciya

Duk wanda ya san noman rani a fadamar Wurno ko ƙasan madatsar ruwan Goronyo ya san cewa ba babbar hanyar ruwa ce ke shayar da albasa ba. Ƙananan magudanan da ke kai ruwa fangali-fangali su ne rayuwar gona. In suka rufta ko suka toshe, shuka za ta bushe ko da dam ya cika ya batse.

Haka zuciya take. Kusan kowane zaren nama a cikinta yana da 'yar siririyar jijiyar jini a gefensa. Cikin kowace jijiya kuma akwai wani daɓe mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak. Da can an ɗauka shafe ne kawai. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin wannan daɓe su ne ke fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki jini ya wuce, ta kuma hana shi daskarewa. A kan wannan ganowa ne Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka sami lambar yabo ta Nobel a 1998.

Babban abokin gabar wannan daɓe shi ne abin da za a iya kira tsatsar cikin jiki. Duk lokacin da ƙwayar halitta ta ƙone abinci da iskar oksijin don samun ƙarfi, wasu ɓurɓushin oksijin masu cin abu suna fita, kamar tartsatsi daga murhu. Jiki yana da sinadaran da ke kashe su nan take. Amma idan tartsatsin ya yi yawa, ko masu kashe shi suka yi ƙaranci, sai ya fara cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin fartanyar da aka bari a damina. Yana kuma lalata naitirik oksaid, jijiya ta ƙanƙance, jini ya hau.

Ƙarshen ciki da lokacin haihuwa suna cikin lokutan da wannan tsatsa ke ƙaruwa a jikin kowace mace. Mafi yawa garkuwarsu tana ɗauka. Wasu kuwa ba ta ɗauka.

Ɗan ƙaramin saƙo mai babbar ɓarna

A nan ne ƙananan RNA suka shigo. Kowace ƙwayar halitta tana da DNA, kundin umarnin yadda za a gina jiki. Idan ana son a ƙera wani furotin, sai a kwafi umarninsa a kan RNA, ya tafi da shi wurin ƙira kamar ɗan aike. A 1993, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna nazarin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa a Amurka, suka gano wani irin RNA gajere, mai haruffa kimanin 22, wanda ba ya ɗauke da umarnin ƙera komai. Aikinsa shi ne ya tare ɗan aike a hanya, ya manne masa, ya hana a karanta saƙon. Ana kiran su maikro-RNA. Ɗan'adam yana da sama da 1,000, kuma a 2024 aka ba mutanen biyu lambar Nobel saboda su.

Wasu daga cikinsu masu gadi ne. Wanda ake kira miR-126, alal misali, yana da yawa a daɓen jijiyoyi, kuma gwajin da aka yi a 2008 ya nuna cewa in aka cire shi daga ɓeraye, jijiyoyinsu sai su riƙa yoyo. Wasu kuma, idan suka yi yawa ba a lokacinsu ba, su ne ke kawo ɓarna.

A 2007, Farfesa Denise Hilfiker-Kleiner da tawagarta a Hanoba ta ƙasar Jamus suka wallafa a mujallar Cell yadda abin ke faruwa a zuciyar mai jego. Idan tsatsa ta yi yawa a naman zuciya, wani sinadari mai aikin almakashi, katefsin D, sai ya farka. Shi kuma sai ya datse furolaktin, wato sinadarin da ke kawo ruwan nono, ya fitar da wani guntu daga jikinsa. Cikakken furolaktin alheri ne. Guntun kuwa guba ne ga daɓen jijiyoyi.

A 2013, Julie Halkein da Ingrid Struman a Jami'ar Liyej ta Beljiyam, tare da masu binciken Hanoba, suka gano sauran labarin. Guntun furolaktin yana sa ƙwayoyin daɓe su riƙa ƙera miR-146a da yawa. Wannan ɗan RNA yana toshe saƙonnin da daɓen ke buƙata don ya rayu ya kuma yi sababbin rassa, sai ƙananan jijiyoyi su fara mutuwa. Bai tsaya nan ba. Ƙwayoyin daɓen suna ƙunshe shi cikin wasu 'yan ƙananan ƙulli su sake su, naman zuciya ya haɗiye, shi ma ƙarfinsa ya ragu. An kuma tarar da miR-146a ya yi yawa a jinin matan da ke da ciwon, fiye da na masu jego lafiyayyu.

Akwai hanya ta biyu da ke kaiwa wuri ɗaya. A ƙarshen ciki, mabiyiya tana sakin wani furotin mai suna sFlt1 da ke hana jijiyoyi girma. Yana yin yawa ƙwarai a jikin mai hawan jinin ciki, irin wanda ke kaiwa ga jijjiga. Wani bincike a mujallar Nature a 2012 ya nuna cewa shi ma yana iya gurgunta ƙananan jijiyoyin zuciya. Gado ma yana da nasa kaso: an sami sauyin ƙwayoyin gado a kimanin kashi 15 cikin 100 na masu ciwon a wani bincike na 2016.

Me ya haɗa ɓerayen Jamus da Maikujera?

Abin da ya haɗa su shi ne garkuwa. Ɗaya daga cikin manyan sinadaran da ke kashe tsatsa a jiki ba ya aiki sai da seleniyom, wani ma'adini da ake samu daga kifi, ƙwai, nama da hanta, da kuma hatsi gwargwadon yadda yake a ƙasar da aka noma shi. Tun 1992, likita Arnaud Cénac ya ba da rahoto daga Yamai cewa matan da ke da wannan ciwo suna da ƙarancin seleniyom a jini. A 2015, Farfesa Karaye ya sami irin haka a Kano: sama da uku cikin huɗu na masu ciwon suna da matsanancin ƙarancinsa, alhali a cikin lafiyayyu kusan ɗaya cikin biyar ce, kuma ƙarancin ya fi alaƙa da zaman karkara. Wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa matan da aka ƙara wa seleniyom a kan magungunansu sun fi samun sauƙin alamomin ciwon.

A Haiti ba a ga wannan alaƙa ba, don haka seleniyom ba shi ne dukkan labarin ba. Amma rajistar PEACE ta fito da abubuwa huɗu da suka fi tafiya tare da ciwon a Najeriya: rama, hawan jinin ciki, rashin karatun boko, da rashin abin yi. Duk wanda ya dubi wannan jeri ya san sunansa talauci. Matar da ta shiga ciki da rama, ta yi wata tara a kan tuwo da miyar kuka ba ƙwai ba kifi, ba wanda ya taɓa auna jininta, tana kuma shaƙar hayaƙin itace safe da yamma, ta isa ranar haihuwa da garkuwa mai rauni. Hayaƙin murhu, kamar na taba, sananne ne wajen ƙara tsatsa da cutar da daɓen jijiyoyi.

A daina ɗora wa kunun kanwa dukkan laifi

Shekara da shekaru, bayanin da ake bayarwa ɗaya ne: al'ada. A 1978, likitoci Davidson da Parry suka wallafa nazarin mata 224 a Zariya, suka danganta ciwon da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Hujjarsu tana da ma'ana. Kanwa cike take da sinadarin sodiyom, irin na gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Sai dai rajistar PEACE, da ta kwatanta masu ciwon da masu jego lafiyayyu, ba ta ga cewa waɗannan al'adu su ne suka raba su ba. Miliyoyin mata suna wankan jego suna shan kunun kanwa ba abin da ya same su, kuma ana samun ciwon a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan kanwa ba.

Ɗora laifin a kan al'ada yana da daɗi ga hukuma, domin ba ya buƙatar ko sisi. A yi jawabi a rediyo, a ce mata su daina, shi ke nan. Yana kuma sa iyaye mata da ungozomai su toshe kunne, don sun ga ana zagin abin da suka gada. Gaskiyar ta fi haka sauƙin karɓa: kanwa ba lallai ita ta jawo ciwon ba, amma ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana, ƙarin kanwa da gishiri da dunƙulen miya tamkar ƙara wa jaki mai ɗingishi buhu ne. Mai jegon da ta fara kumbura ko haki, a sauke mata kanwa, a rage zafin ruwa, a buɗe taga, a kai ta asibiti.

Maganin da ke kafar da nono

Tunda guntun furolaktin ne ke ta da fitinar, likitoci sun gwada toshe furolaktin ɗin baki ɗaya da maganin buromokiriftin. Wani ƙaramin gwaji kan mata 20 a Afirka ta Kudu a 2010, ƙarƙashin Farfesa Karen Sliwa, da wani kan mata 63 a Jamus a 2017, sun ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa. Amma maganin yana kafar da nono, kuma sai an haɗa shi da maganin hana daskarewar jini.

A Hanoba wannan ba wani babban abu ba ne. A ƙauyen da gwangwanin madarar jarirai ya fi ƙarfin aljihu, ruwan sha kuma daga rijiya yake, kafar da nono yana iya zama ceton uwa da ran ɗa. Shi ya sa wani sashe na binciken 2013 ya fi shafar matan nan fiye da na Turai: da aka toshe miR-146a kaɗai a jikin ɓeraye, zuciyarsu ta sami sauƙi, kuma suka ci gaba da shayarwa. A ɓeraye aka ga haka, ba magani ba ne da ke kanti. Kada kuma wata ta ji wannan bayani ta yaye ɗanta da kanta. Shayarwa ba laifi ba ce, hukuncin dakatar da ita na likita ne.

Haka nan a yi hattara da masu tallar ƙwayoyi da garin "wanke jini" a tasha da Facebook da TikTok, waɗanda suka iya ambaton kalmomin kimiyya. Manyan gwaje-gwaje, ciki har da wanda aka yi a Ingila a 2006, sun nuna cewa bitamin C da E ba su hana hawan jinin ciki ba. Seleniyom ma in ya yi yawa guba ne.

Abin da za a iya yi a bana

Wani zai ce zubar jini da jijjiga sun fi kashe mata, a fara da su. Gaskiya ne, amma kayan aikin ɗaya ne. Na'urar awon jinin da za ta gano mai shirin jijjiga ita ce za ta gano wadda zuciyarta ke cikin haɗari.

Na farko, a yi amfani da ranar rigakafi. Ana kai jarirai allura a mako na 6, na 10 da na 14, daidai lokacin da ciwon ke bayyana. Uwar tana zaune a benci da ɗanta a cinya, ba wanda ya dube ta. Minti uku sun isa a auna jininta da bugun zuciya, a danna ƙaurinta a ga ko yatsa ya lotsa, a yi mata tambaya uku: Kina haki in kin yi ɗan aiki? Kina iya kwanciya ba tare da kin tada kai da matashi ba? Numfashi ko tari yana tashe ki cikin dare? Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ce a duba mai jego sau huɗu: a ranar farko, a kwana na uku, a mako na biyu, da mako na shida, wanda ya zo daidai da arba'in.

Na biyu, awon ciki ya zama awo na gaskiya. Duk wadda jininta ya kai 140 bisa 90 a bi ta har bayan haihuwa, ba a sallame ta ranar suna ba.

Na uku, manyan asibitocin Rabah, Wurno da Goronyo su sami ƙaramar na'urar hoton zuciya ta hannu da ma'aikacin da ya iya ta. Wani gwaji a asibitoci shida na Najeriya, da aka wallafa a Nature Medicine a 2024, ya nuna cewa na'urar sauraren ƙirji mai ƙirƙirarriyar basira ta ninka adadin matan da aka gano suna da raunin zuciya. Magungunan ciwon, irin masu rage ruwa a jiki da masu sassauta bugun zuciya, ba su da tsada idan aka kwatanta da gadon asibiti. Asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa, da hukumar SOCHEMA ta jiha, su ɗauki nauyinsu ga masu jego.

Na huɗu yana hannun maigida. Ƙwai da kifin gulbin Rima su shiga tukunyar mai ciki tun wata na farko, ba sai ragon suna ba. Kuma wadda ta taɓa yin ciwon, musamman in zuciyarta ba ta koma daidai ba, sabon ciki yana iya zama ajalinta. Tazarar haihuwa a nan magani ce, kuma sai da yardar miji take yiwuwa. Limamai da hakimai suna da bakin faɗa. Ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno, ya yi rubuce-rubuce kan magani, ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis ɗin 'Yan Taru ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, ba baƙuwa ba ce ga isar da ilimi har cikin ɗaki. Ungozomai su ne jajis ɗin wannan aiki.

Na biyar, bincike. Inda ciwo ya fi yawa, nan ya kamata a fi nazarinsa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da TETFund da gwamnatin jiha su sa kuɗi a auna miR-146a da seleniyom a jinin matan gabashin Sakkwato, a auna ƙasar gonakinsu da geron da suke ci, a kuma yi babban gwajin seleniyom da zai raba gardama. In ba haka ba, ranar da sabon magani zai fito, za a tarar an ɗinka shi ne a jikin wasu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kimiyya ta riga ta nuna cewa kafin zuciyar mai jego ta faɗi, ƙananan jijiyoyinta sun daɗe suna lalacewa a ɓoye, kuma yunwa da hawan jinin da ba a auna ba suna cikin masu buɗe ƙofa. Maganin da zai toshe ɗan RNA ɗaya yana iya ɗaukar shekaru. Na'urar awon jini, da tambaya uku a ranar rigakafi, da mijin da zai ce a tafi asibiti yau, waɗannan ba sa jiran kowa.